Gawayin reshe ko matsattse: wanne zai fi fito da isowar jirgin ƙasa Kano?

Ɗan'uwa da ya ce zai zana isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, yana tambayar wane gawayi zai saya: sayi duka biyun, don kowanne da inda yake aiki a wannan zane.

Gawayin reshe ɗan itace ne siriri da aka ƙona ba tare da iska ta shiga ba, babu abin da aka haɗa masa. Baƙinsa toka-toka ne, kuma da ka shafa tsumma sai ya tashi. Wannan saurin gogewar ita ce amfaninsa. Da shi za ka fara tsara inda layin dogo zai bi, da tsayin mutane, ka goge sau goma takarda ba ta ji komai ba. Hayaƙi da tururi da ƙurar taro duk nasa ne: kwantar da shi ta gefe, murza da auduga, sannan ka ɗauki kilina mai laushi, wadda ake matsawa kamar cingam, ka riƙa dangwalawa kana cire haske a cikin hayaƙin. Badala ma, wato ganuwar birnin Kano, a can nesa da shi za a yi ta, fari-fari, tunda tashar a wajen ganuwa take.

Matsattse kuwa garin gawayi ne da aka kwaɓa da ƙaro ko kaki. Baƙi ne wuluk, yana kama takarda, kilina ba ta fitar da shi duka. Ajiye shi sai ƙarshe, don kan jirgin da ƙafafunsa da inuwar ƙarƙashin tarago. Wanda ya fara da shi ya ɗaure kansa, domin na reshe ba ya zama sosai a kan mai kaki.

Fararen riguna da rawuna, bar musu farin takarda kawai. Alli a kan gawayi dagwalo yake zama.

Takarda ta zama mai ɗan kaushi, mai nauyin giram 160 a kowane murabba'in mita zuwa sama. Mai santsi ba ta riƙe gari. Maganin kafe zane a fesa shi daga nisan santimita 30, sama-sama sau biyu. Fesa mai yawa na dusar da hayaƙin da ka sha wahala a kansa.

Kuma don Allah kada dalar gyada ta shigo bayan jirgin. A 1911 ba a fara tara ta ba, jirgin ne ma ya buɗe kasuwar.