Na kai Banshee ɗina a ƙara masa ƙarfi: ga abin da kuɗina suka saya

Tun 2006 Yamaha ta daina sayar da Banshee a Amurka, amma in ka je tudun yashin Glamis a kudancin Kalifoniya lokacin sanyi, kukansa ne zai cika maka kunne, ga shuɗin hayaƙi na bin bayansa. Babur ne mai ƙafa huɗu, injinsa mai bugu biyu, wato irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, dangin Vespa da ƙaramin janaretan nan na ƙofar shagon aski. Sai dai nasa silinda biyu ne, cc 347, ruwa ke sanyaya shi, giya shida, kuma da kik ake tayar da shi. Na hannu na sayi nawa a Arizona inda nake zaune, ba wanda ya taɓa buɗe injinsa, abin da ke da wuyar samu a yanzu. Da na gaji da ganin ƙeyar abokan hawa a kan tudu, sai na kai shi wani ƙaramin gareji da ba ya aikin komai sai irin waɗannan injina. Wannan sharhi ne a kan aikin da suka yi mini da kayan da aka ɗaura.

Kafin a kai ga gareji, ya kamata a san halin injin. An fara fitar da Banshee a 1987, zamanin da kamfanonin Japan ke rige-rigen fitar da masu ƙafa huɗu na tsere: Suzuki ta riga kowa da LT250R a 1985, Honda ta biyo da TRX250R a 1986. Yamaha ba ta ƙera sabon inji ba, ta ɗauko na babur ɗinta na titi ne, RZ350, ta cire masa wani bawul da ake kira YPVS, wanda ke rage tsayin ramin fitar hayaƙi in injin na tafiya a hankali, ya buɗe shi in an murɗa. Rashin wannan bawul ne ya ba Banshee halinsa. A ƙasa sanyi gare shi, kamar bai farka ba, da zarar juyin injin ya hau sai ya fizge ka lokaci guda. Daga kamfani ƙarfinsa doki 30 da 'yan kai ne. Ka riƙe wannan, domin kusan duk abin da za a yi masa a gareji ƙara kaifafa wannan hali yake yi.

Abin da ya fara burge ni da bakaniken, wani dattijo mara yawan magana, shi ne bai bari mun yi zancen ƙarfi ba a ranar farko. Ya toshe bakin kafireta da na salansa, ya hura iska cikin injin har awon matsinta ya kai psi 6, ya zauna yana kallon allura ko za ta sauka. Ta kuwa sauka. Robar da ke rufe karanshaf ta gefen hagu ta bushe, tana shan iska ta ɓarauniyar hanya. Ya ce duk wanda ya ɗaura kayan ƙarfi a kan injin da ke zuƙar iskar da ba ta bi ta kafireta ba, fistan kawai yake shirin saya. Ba da kasafin wannan aiki na zo ba, kuma sai da aka raba injin gida biyu kafin a canza robobin, amma a cikin duk abin da na biya, shi ne ban taɓa jin ciwonsa ba. Tun da an riga an buɗe, sai aka daidaita karanshaf ɗin aka yi masa walda, domin na Banshee gutsi-gutsi ne da aka matse wuri ɗaya, in ƙarfi ya ƙaru yakan murɗe.

Sai salansa, kuma a nan ne kuɗi suka yi aiki. Wanda ya saba da mota zai ɗauka salansa hanyar fitar hayaƙi ce kawai da rage ƙara. A injin mai bugu biyu, wannan bututu mai tumbi rabin injin ne. Babu bawul mai rufewa da buɗewa a saman silinda. Fistan ne da kansa ke buɗe ramuka a bangon silinda yana rufe su, kuma akwai ɗan lokacin da ramin shigar sabon mai da na fitar hayaƙi duk a buɗe suke. In hayaƙi ya fita da ƙarfi ya isa inda bututun ke faɗaɗa, sai a samu zuƙa da ke dawowa baya tana janyo sabon haɗin mai da iska cikin silinda, har wani ya zarce cikin bututun. In ya isa inda bututun ke sake tsukewa, sai bugun ya dawo ya tura wannan da ya zarce ya koma cikin silinda dab da fistan zai rufe ramin. Silinda ta cika fiye da yadda za ta cika da kanta ke nan. Wani injiniya mai suna Walter Kaaden ne ya ƙware a wannan dabara a kamfanin MZ na Jamus ta Gabas a shekarun 1950, kuma da matuƙinsu Ernst Degner ya tsere a 1961 ya koma Suzuki, sai ilimin ya bi shi Japan.

To amma bugun da saurin sauti yake tafiya, tsawon bututun kuma ba ya canzawa, saboda haka a wani yanki na juyin injin kaɗai yake dawowa a kan kari. Dogon bututu na taimakon ƙasa, gajere na taimakon sama. Sunayen kamfanonin salansa da za ka fi ji a bakin masu Banshee su ne FMF da Toomey da Pro Circuit, kowanne da masu rantsuwa da shi. Ni na zaɓi wanda ke aiki daga tsakiya zuwa sama, saboda yashi nake hawa. Bambancin ba sai an kawo na'ura ba. Tudun da a da sai na sauko giya ta biyu a tsakiyarsa, yanzu a ta uku nake ƙare shi, injin na ci gaba da ja a inda da can yake shaƙewa. Babur ɗin ma ya rage nauyi, don salansar kamfani ƙarfe ce mai kauri. Ƙara kuwa ta ƙaru, kuma wannan ba abin alfahari ba ne: a filayen gwamnati na Kalifoniya akwai iyakar ƙara, desibel 96, ga dokar sai salansa na da ragar tare tartsatsi. Na ga masu cire audugar cikin salansa don a ji su daga nesa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Salansa ita kaɗai, ba tare da an taɓa kafireta ba, kashe injin take yi. Iska ta ƙaru, in mai bai ƙaru ba wuta na yin zafi fiye da kima, kuma a irin wannan inji fetur ɗin ne ke ɗauke da man da ke shafa fistan, shi ne kuma ke sanyaya kansa. Mai ya yi kaɗan, ko dai fistan ya kama, ko ya huje. Kafiretocin kamfani biyu ne, Mikuni masu milimita 26, babban jet ɗinsu, wato ɗan ƙarfe mai huda da fetur ke bi ya shiga, lamba 200. Da sabuwar salansa da filta mai sakin iska, sai da muka haura wajen 280 kafin fulogi ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, ba fari fat ba, ba baƙi mai maiƙo ba. Dattijon daga sama ya fara, da jet mai yawa, yana saukowa da ɗai-ɗai, domin in mai ya yi yawa fulogi kawai za ka rasa. Ya kuma ja kunnena a kan wani abu da mutane da yawa ke yi a baibai: ƙara baƙin mai cikin fetur don a ji tausayin injin na rage yawan fetur ɗin da ke wucewa ta jet. Ka zaɓi awo ɗaya ka tsaya a kai. Ni a 32 da 1 nake, wato fetur awo 32, baƙin mai awo 1.

Wahalar ita ce wannan aiki ba ya ƙarewa a gareji. Glamis kusan a ƙasa yake, iska mai kauri, musamman da sanyin safiya. Filin Cinder Hills kusa da Flagstaff kuwa ya haura mita 2,000. Jet ɗin da ya yi daidai a can ƙasa, in ka hau dutse da shi injin sai tari da kitse a fulogi; wanda ya yi daidai a dutse, in ka sauko da shi yashi cikin sanyi, ka kusa kiran motar ja. Yanzu ina yawo da ƙaramin gwangwani na jet-jet da sukundireba, kuma in za ka bi wannan hanya ka sa a ranka kai ma za ka koyi kwance kafireta a kan yashi.

An kuma canza mini murfin silinda da irin wanda ake sauya ƙoƙon cikinsa, aka sa mai cc 21 don matsin silinda ya ƙaru, aka matso da taimin gaba digiri 4. Waɗannan biyun sun maido da wani abu daga ƙarfin ƙasa da salansa ta cinye. Tashi daga tsaye ya yi kaifi, kik ɗin ma ya yi tauri a ƙafa. Kuɗinsu ba yawa, kuma na gamsu. Sai dai sun ɗaure ni da fetur mafi tsada. Mafi kyawun da ake samu a gidajen mai na nan oktan 91 ne, kuma bakaniken ya ce a bakin iyaka nake: ƙoƙon ya ƙara ƙanƙanta kaɗan, sai man tsere na gwangwani. An sa sababbin bawul ɗin rid ma, wato 'yan marafan da ke tsakanin kafireta da inji masu hana mai komawa baya. Gaskiya ban ji wani abin a zo a gani ba, totur ya ɗan ƙara saurin amsawa, shi ke nan.

Inda ni da garejin muka saɓa shi ne fafar ramukan silinda. Sun yi ta yabon aikin, suka ce wanda bai fafe ba bai san Banshee ba, kuma shi ya fi komai tsada bayan raba injin. Aikin kansa tsaf yake, na leƙa na gani. Amma sun ɗaga ramin fitar hayaƙi fiye da abin da hawana ke buƙata. In aka ɗaga wannan rami, yana buɗewa da wuri, ƙarfi ya ƙaura sama, ƙasa ta ƙara mutuwa. A fili mai faɗi abin daɗi ne, injin na kuka yana ja kamar ba zai tsaya ba. A ƙananan tuddai masu kwana-kwana, inda nake yin yawancin hawana da yara a baya a kan nasu ƙananan babura, sai dai in yi ta wasa da kuloci don kar ya faɗo daga inda ƙarfinsa yake. Na gaya musu irin hawan da nake yi tun farko. Ina jin kunnensu ya saba da masu tseren miƙe, sai suka yi mini abin da suka saba. Salansa in ba ta yi maka ba ka kwance ka sayar. Ƙarfen da aka fafe daga silinda ba ya dawowa. Da na koma da ƙorafi sun saurare ni, sun rage haƙori ɗaya a ƙaramin siforoket na gaba ba su karɓi ko sisi ba, abin ya yi sauƙi, amma magani ne na rage zafi.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta a takardar farko ba. Kuloci ya fara sulɓi ba da jimawa ba, aka sa sifirin masu tauri, yanzu hannun hagu ke biyan bashin in yini ya yi nisa. Tankin lita 12 ne, kuma yana ƙarewa da wuri fiye da da, har na fara lissafin nisa kafin in yi zurfi cikin yashi. Ringi da fistan ma ba za su yi kwanan da na kamfani suka yi ba. Dattijon bai ɓoye mini wannan ba, ya ce in riƙa auna matsin silinda a farkon kowane lokacin hawa, in ya fara sauka in zo kafin ya kawo ni.

Wani abokin hawa ya ba ni nasa na ɗana, wanda aka kai cc 421 da dogon karanshaf mai ƙarin milimita 4 da manyan silindu. Wani abu ne daban. Gaba na ɗagawa a giya ta uku ba ka nema ba, shi ya sa ya ƙara tsawon hannun da ke riƙe tayoyin baya, ya sa manyan kafiretoci, kuma man tsere yake sha. Na sauka ina dariya, gwiwoyina na rawa, amma ban yi sha'awar mallakarsa ba. Na mai zuwa layin tsere a gindin babban tudun Oldsmobile Hill na Glamis ne, wanda ya yarda injinsa ya riƙa kwana a gareji.

In kana da Banshee, ko ƙaninsa Blaster mai cc 195, ga yadda zan kashe kuɗin in da yau ne: gwajin iska da gyaran abin da ya nuna, sannan salansa da filta da jet a hannun wanda zai zauna ya karanta fulogi, sannan murfin silinda in kana da tabbacin fetur mai kyau. A nan zan tsaya, ragowar kuɗin in kai su kan shokozoba da tayoyin yashi. Fafar silinda sai in ka hau na wani da mutumin nan ya fafe, a irin wurin da kai kake hawa, ka ji ya yi maka. Garejin kuwa zan koma musu don raba inji da daidaita kafireta, hannun dattijon a nan ba shi da na biyu a waɗanda na gani. In maganar fafa ce, sai an rubuta milimita nawa za a ɗaga a takarda na sa hannu kafin a kunna injin fafar.