Bitar gina shafin intanet da aka yi a Kano: ta biya kuɗinta?

A gaskiya ta biya, amma ba ga kowa ba. In ba ka da laftof kar ma ka wahalar da kanka, waɗanda suka zo da waya kaɗai sun koma 'yan kallo ne kawai.

Abin da ya burge ni shi ne ba su cika mu da surutu ba, malamin ya ce kowa ya buɗe kwamfutarsa, muka sa WordPress, wato manhajar da ake gina shafi da ita, a nan take, ya nuna mana bambancin domen da hostin wanda wallahi da yawanmu ɗauka muke abu ɗaya ne, domen shi ne sunan shafinka, hostin kuma wurin da kake haya ana ajiye maka kayan shafin. Ya ce a fara da .com.ng tunda da naira ake biya, ba sai ka nemi dala ba, kuma wata ƙungiya mai suna NiRA ce ke kula da duk sunayen .ng, wato na Najeriya. WordPress ɗin kanta kyauta ce tun fitowarta a 2003, kuɗi na tafiya ne wajen hostin da sabunta suna duk shekara.

Sashen Elementor, wato manhajar da ake ƙara wa WordPress don tsara fasalin shafi, ya yi daɗi sosai, ja ka ajiye kawai, babu rubuta kod.

Inda suka gaza: intanet ɗin zauren ya yi ta yankewa sai da kowa ya koma datarsa, sannan batun tsaro da ajiye kwafin shafi an yi shi a gurguje dab da Magariba, alhali nan ne sababbin shiga ke kuka.