Istanbul, Alƙahira, Dubai ko Kuala Lumpur: Ina Za a Kai Iyali Hutu?

Magidancin da ya yi tanadi don ya fitar da iyalinsa waje na mako guda, abin da ya fi damunsa bai wuce uku ba: a ci abinci hankali kwance, a yi salla a kan lokaci, yara kuma kada idonsu ya faɗa kan abin da bai dace ba. Shi ya sa zance yakan tsaya kan birane huɗu, wato Istanbul, Alƙahira, Dubai da Kuala Lumpur. A wajena, ta fuskar halal duk huɗun sun wadatar. Abin da ya raba su shi ne shekarun autan gidan da kuma watan da makaranta ta ba da hutu.

A fara da watan, domin shi ne ke wahalar da mutane. Dogon hutun makarantunmu yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da zafin Dubai ke haura digiri 40, ga gumi mai naci da ya sha bamban da busasshen zafin Kano ko Sakkwato. Wanda ya kai yara a lokacin, daga otal sai manyan kantuna masu na'urar sanyaya ɗaki, kuma kowane wurin wasa da kuɗinsa. Alƙahira ma rana ba ta raga wa kowa a watannin nan, balle a filin dalar Giza inda inuwa ta yi ƙaranci. Waɗannan biyun na hutun Disamba ne. Istanbul kuwa akasin haka take: a Disamba akwai sanyi da ruwa, wani lokaci har dusar ƙanƙara, sai an sayi rigunan da ba za a sake sa su a gida ba. Kuala Lumpur ɗumi ne duk shekara, sai dai ruwan sama mai yawan saukowa da yamma.

Istanbul ce na fi so wa yaran da suka kai shekara bakwai zuwa sama, waɗanda suka fara karanta tarihin Musulunci a Islamiyya. Jirgin Turkish Airlines yana tashi daga Abuja kai tsaye, tafiyar sa'a shida da wani abu. A unguwar Sultanahmet, Masallacin Sultan Ahmed da Aya Sofiya suna fuskantar juna, ita Aya Sofiyar an mayar da ita masallaci a 2020. Bayanta kaɗan fadar Topkapi take, inda aka keɓe ɗakunan ajiye kayan da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) da sahabbansa. A kula, fadar tana rufe ranar Talata, babbar kasuwar birnin mai rufi, wato Grand Bazaar, kuma ranar Lahadi. A unguwar Eyup akwai kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari, yaron da ya san labarin masaukin Annabi a Madina zai tsaya a wurin da wata irin natsuwa. In yara sun gaji da tarihi, a sa su a jirgin fito daga Eminonu zuwa Uskudar. Da kuɗin motar haya sun bar Turai sun shiga Asiya, tsuntsayen teku na bin jirgin.

Matsalarta hawa da gangara ce da titunan duwatsu. Keken tura jariri yana shan wuya a can, goyo da zani ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba. Nama ba abin damuwa ba ne, amma gidajen abinci da yawa, musamman na kifi da na wajen Taksim, suna sayar da giya. A nemi ƙananan gidajen da ake kira lokanta, inda ake nuna abinci da yatsa a zuba. Da bazara kuma isha'i kan kai wajen ƙarfe goma na dare, sai a tsara barcin yara da haka.

Alƙahira ita ce mafi kusa kuma mafi sauƙin kuɗi. EgyptAir na zuwa Kano, ga ɗalibanmu birjik a Azhar, da wuya a rasa wanda zai yi jagora da Hausa. Koshari, wato shinkafa da taliya da adas da soyayyiyar albasa, yana da araha kuma yara na cinsa. Lambun Azhar wuri ne mai kyau na sakin yara su yi gudu. Amma cunkoson motoci da tsallaka titi abin tsoro ne ga mai riƙe da hannun yara uku, kuma kada a sha ruwa sai na gora.

Dubai ta fi kowa sauƙaƙa wa mai jego da mai ɗan tatata. Hanyoyi shimfiɗe suke, ko'ina akwai lifta, kowane babban kanti da masallacinsa da ɗakin sauya wa jariri ƙunzugu. Jirgin ƙasan cikin gari yana da tarago na mata da yara zalla, sai dai an hana ci da sha a ciki, har cingam ana cin tara a kansa. A Deira ana jin Hausa a kasuwa, kwalekwalen da ke tsallaka mashigin ruwa kuma abin marmari ne ga yara. Sai dai aljihu yana ji a jikinsa. Ga kuma maganar biza: an dakatar da bai wa 'yan Najeriya a 2022, ba a dawo ba sai 2024, don haka kada a biya kuɗin otal da ba a mayarwa kafin biza ta fito. Bakin teku da wuraren iyo na otal-otal a cakuɗe suke, shigar mutane kuma ba irin tamu ba ce.

Kuala Lumpur ce ta fi tsari a harkar halal. Hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar Malaysia, wato JAKIM, ce ke ba da shaida, tambarinta yana manne a ƙofar gidan abinci da jikin kayan gwangwani, manyan shaguna kuma sun ware sashen abin da ba halal ba. Amma birni ne na Malayawa da 'yan asalin Sin da Indiya, saboda haka allon da ya ce babu naman alade bai kai shaidar halal ba, a nemi tambarin. Wurin salla suna kiransa surau, akwai shi a kantuna da tashoshi. A gindin tagwayen benayen Petronas masu hawa 88 akwai lambu da filin wasa da wurin wasan ruwa na yara, duk kyauta, gidan kifaye kuma yana nan kusa. Abin da ke sa in ja da baya shi ne nisa. Babu jirgi kai tsaye, sai an yada zango a Doha ko Addis Ababa ko Dubai, kuma agogonsu ya riga namu da sa'a 7. Yaro ɗan shekara uku zai kwana biyu ko uku yana farkawa tsakar dare, hutun mako guda ya tafi rabi ke nan. In ba a da kwana goma, a bar ta sai wani jiƙon.

Duk inda aka zaɓa, masauki mai kicin ya fi ɗakin otal ga iyali mai mutum biyar. Uwargida za ta dama kunu da safe, a dafa shinkafa ranar da yaro ya ƙi abincin baƙi, ɗan yaji da garin kunu da aka taho da su daga gida su yi rana. In otal ne, a aika musu saƙo tun kafin a iso su kwashe giyar da ke ƙaramin firijin ɗaki, a kuma tambaya ko suna da ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, domin yawancinsu ba sa yarda mutum biyar su kwana ɗaki ɗaya. A duba fasfon kowane yaro ya rage aƙalla wata 6, a haɗa da katin rigakafin shawara na kowa. Mai jariri ƙasa da shekara 2 ya nemi kujerar gaba mai gadon jariri tun ranar sayen tikiti, domin ba su da yawa a jirgi kuma da wuri ake kama su.