Saitin ɗaga mota na Old Man Emu a kan Land Cruiser 79: yadda yake a hanyoyin Damagaram

Mai kat-kat da ke bin hanyar Tanut zuwa Agadas, ko yake sauka daga kwalta a Gure ya nufi Tasker, abu biyu ke cin motarsa: nauyin kaya da ƙananan kunyoyin nan na hanyar burji masu kaɗa mota har haƙora. Saitin Old Man Emu na milimita 50, wanda kamfanin ARB na Ostireliya ke yi, an ƙera shi ne don irin wannan ƙasa, kuma yana aikinsa. Sai dai kyawunsa na fita ne idan an zaɓe shi daidai da kayan da motar ke ɗauka, aka kuma ɗaura shi da ƙananan sassansa cif.

Land Cruiser 79 tun daga 1999 tana da rasor mai murɗi a gaba, lam (fallayen ƙarfe da aka jera) a baya, fon ɗinta biyu (ƙarafan da ke haɗa tayar dama da ta hagu) kuwa sanda guda ne kowane. Don haka cikakken saiti ya ƙunshi rasor biyu, damin lam biyu, amortisa huɗu, amortisar sitiyari, robobin silanbulok, mariƙan lam masu bakin giris, da sababbin ƙarafan U masu ɗaure lam da fon. Duk ɗan kasuwar da ya ce ka mayar da tsofaffin ƙarafan U, kada ka saurare shi. Sun riga sun miƙe tun ɗaurin farko.

Wurin zaɓen lam ne aka fi ɓata kuɗi. Kamfanin yana fitar da su aji-aji gwargwadon nauyin da ke zama kullum a bayan mota, ba wanda ake ɗorawa sau ɗaya a wata ba. Ka lissafa da gaske: tano mai lita 200 na ruwa kilo 200 ne ban da ƙarfensa, na gazuwal wajen kilo 170, ga taya biyu na ko-ta-kwana, ga faranten fita daga rairayi da akwatin makullai. Motar da ke yawo da wannan kullum tana son lam mai ƙarfi. Amma wanda yawancin zirga-zirgarsa tsakanin Birni da Zango ce da baya wayam, in ya sa mai ƙarfin, bayan motar zai riƙa tsalle kamar jaki ya ga kura, tayoyin baya su daina kama ƙasa a kan burji. Haka gaba: in akwai babban ƙarfen kariya da na'urar jan mota, rasor mai ƙarfi, in babu, matsakaici.

Amortisarsu Nitrocharger ta fi ta asali jure doguwar girgiza. Abin da ke kashe amortisa a nan zafi ne: man ciki ya yi zafi ya yi kumfa, sai ta saki, mota ta fara lilo. Iskar da aka matsa a cikin wannan tana rage kumfar. Duk da haka ba tsafi ba ce. Gudu da cikakken kaya a zafin Afrilu zai gajiyar da ita, gara a tsaya ta huce.

Wajen ɗauri, a fara auna tazara daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin jikin mota a rubuta, don a san hakikanin tashin da aka samu. Robobi kuwa ba a matse su sai an sauke motar ta zauna a kan tayoyinta. In aka matse tana rataye a jak, roba na murɗewa ta yage da wuri. Ɗagawar tana juya fon na gaba kaɗan, sai sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa, motar ta riƙa yawo a kwalta. Maganinsa robobin gyaran kwana da ake dannawa a hannuwan fon. Su ne raunin saitin a ganina, domin ramin nasu a karkace yake, gefe ɗaya siriri, sun fi na Toyota saurin ci. A duba tiyon birki lokacin da fon ya sauka iyakarsa, kada ya ɗame. A motocin da ba su da ABS, wato na'urar hana birki kulle taya, akwai bawul a baya mai rage ƙarfin birki idan mota ba kaya. Bayan ɗagawa yana ɗauka kullum wayam take, sai birkin baya ya yi sanyi. Dole a ɗaga mariƙin sandarsa gwargwadon tashin. Makanikai da yawa suna tsallake wannan. Daga nan sai daidaita tayoyin gaba da saita fitilu, sannan a sake matse ƙarafan U bayan kilomita 500.

Wani abin da masu saye ba sa son ji: saitin ba ya ɗaga ƙwallon fon ko da milimita ɗaya. Taya ce kawai ke yin haka. Daga 235/85R16 zuwa 255/85R16 za ka samu wajen milimita 17 a ƙasa, injin motar na gazuwal 1HZ kuma zai ɗan ji nauyinta a cikin rairayi. Wuce milimita 50 ba riba: kardan, sandar da ke kai juyin inji ga taya, na shiga kwana, fon na gocewa gefe, mota mai kaya a rufi ta fi saurin kifewa a gangaren tudun yashi. Masu Hilux ta zamani su fi kowa kiyayewa, tunda gabanta kowace taya da nata hannu, kardan ɗin gaba ke biyan kuɗin.

Kuɗin saitin da nauyi, jabu kuma yana yawo. A duba lambar kowane sashe ta dace da kundin kamfanin kafin a biya, a sayi robobin gyaran kwana saiti biyu tun farko, a kuma riƙa ɗura giris a mariƙan lam duk lokacin juyen mai, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta sa su kuka.