Wata shida ina sitekin ɗin SOL a Phantom, ga abin da na gani

Tun ranar da bakina ya suɓuce a majalisarmu ta Zoo Road na ce na jingina ɗan SOL ɗina (kuɗin kirifto na netwok ɗin Solana) a walet ɗin Phantom don in riƙa samun lada, abin da ake kira sitekin ke nan, ake ta damuna da tambayar yadda ake yi da abin da na gani, to bari in amsa gaba ɗaya in huta.

Shi walet ɗin gaskiya ba ni da ƙorafi a kansa, ba ya cin data sosai, ka shiga SOL ka danna wajen sitekin sai ya jero maka sunayen balidetoci ka zaɓa, minti biyu an gama. Amma wlh wannan zaɓin shi ne komai, kuma nan ne mutanenmu suke danna na farko kawai su wuce.

Balideta kwamfuta ce mai ƙarfi da take kunne dare da rana, ita take duba duk cinikin da aka yi a netwok ɗin ta kaɗa ƙuri'a cewa eh wannan daidai ne, kamar shaidun da ake kira in za a yi cinikin fili su sa hannu, sai dai nan shaidun suna da yawa a ƙasashe daban-daban kuma babu mai unguwa a kansu. Nauyin ƙuri'ar kowa gwargwadon SOL ɗin da aka jingina masa ne, kenan kuɗinka shi ne ƙarfin muryarsa. Abin da ya kwantar min da hankali, mai balidetar ba ya iya cire maka ko sisi, mabuɗin yana hannunka, muddin ba ka ba wani kalmomin sirri 12 na walet ɗinka ba.

Na farkon da na zaɓa kamashonsa, wato kason da yake ɗauka daga ladan da ka samu, sifili ne, na ce to ga banza ta faɗi. Bayan kamar wata biyu na ga lada ya ja baya, da na duba ashe mutumin ya ɗaga kamasho shiru babu sallama, kuma suna da ikon yin haka. Na cire na koma wani, nan ma sai da na jira zangon da ake ciki ya ƙare, don netwok ɗin zango-zango yake lissafin lokaci, shi kuma zango ɗaya wajen kwana biyu ne. Don haka wanda yake juya kuɗinsa kullum a Kwari ko Farm Centre kar ya sa jarinsa a nan, kuɗin da ba ka buƙata yau ake sawa.

Wani ƙanina ya ce me zai hana mu kafa tamu balidetar a gida. Na yi dariya, da wace wutar? Balideta in ta mutu ba ta ƙuri'a, ba lada, har waɗanda suka jingina mata su ma sun yi asarar lada. A Ethereum ma, wani netwok ɗin daban, sai ka ajiye ETH 32, wato kuɗin can, kafin a kula ka a matsayin balideta, in ka sa hannu a kan abu biyu masu karo da juna a yanke maka wani kaso.

Maganar halacci kuma a tambayi malamai, ni ba fannina ba ne. Yanzu dai na raba SOL ɗina tsakanin balidetoci biyu, kuma duk Juma'a bayan masallaci sai na leƙa na ga ko wani ya taɓa kamasho.