Bututun hayaƙin da mai walda ya ƙera mini a Dilimi

Abin ba wani babba ba ne. Bututun ƙarfe ne mara tsatsa, tsawonsa santimita 30, jikinsa duk hudoji, gindinsa a toshe. Ana sayar da irinsa a intanet don masu gashin nama, ni kuwa hotonsa na kai wa wani mai walda a Dilimi, nan Jos. Kuɗin ƙarfe da na aiki duka bai kai na kilo biyu na nama ba.

Da farko farin bututun famfo ya ɗauko, wai ya fi araha. Na ce, "A'a Malam, wannan rufin zinki gare shi, in ya sha wuta abin da yake fitarwa ba na kusa da abinci ba ne." Bai ja da ni ba, ya tashi yaronsa ya nemo mara tsatsa. Mai sana'ar da za ka gyara masa ya karɓa ba tare da ɓata rai ba, ai ya yi ƙaranci.

Ana cika bututun da ƙwayoyin katako, wato garin itace da inji ya matse ya dunƙule kamar abincin kifi. Ka tsayar da shi, ka kunna bakin, ka bar wutar ta ci kamar minti 10, sannan ka hure ta ka kwantar da shi a gefe cikin duron gashi. Daga nan sai ya riƙa ci a hankali ba harshen wuta. Cikawa ɗaya takan kai ni wajen awa huɗu.

Sai dai a sani, hayaƙi kawai yake bayarwa, zafin gashi yana wurin gawayi. Nakan tara gawayi a gefe guda, kaza a ɗaya gefen, in rufe duron in bar 'yar kafar iska. Idan hayaƙin ya fito siriri mai ɗan shuɗi, to abu ya yi. Idan ya turnuƙe fari fat, iska ce ta yi kaɗan, kuma ɗaci zai kama naman. Kazar takan fito fatarta ja jawur, ƙamshin itace ya ratsa ta, ba irin ƙaurin tsire da ke zuwa daga kitsen da ya ɗiga a garwashi ba. Ba na sauke ta sai ma'aunin zafi ya nuna cikinta ya kai digiri 74 na Salshiyas. Uwargida da ta ce ɓata gawayi nake yi, yanzu ita ke ajiye mini kifi tarwaɗa.

Sanyin Jos ma ya taimaka. Da asubar Disamba, bututun shi kaɗai ba ya ɗumama duron, sai in baza gyaɗa da barkono su sha hayaƙi. Yajin da aka daka da barkonon nan daban yake.

Aikin bai rasa aibu ba. Da yake zagayayye ne, gangarawa yake yi ƙwayoyin su zube, bakin hudojin kuma kaifi gare su. Na mayar wa mai waldar, ya goge su ya liƙa wa bututun ƙafafu biyu, ko sisi bai ƙara karɓa ba.

Babbar wahalar ita ce ƙwayoyin. Daga Abuja ake kawo mini, da tsada, kuma ba sa shiri da laima ko kaɗan. A watan Agusta, in ka bar buhun a buɗe, kumbura suke yi su koma gari, dole sai a bokiti mai murfi. Maƙwabcina ya ce in je kasuwar Katako in kwaso garin katako a banza. Na ƙi, don a haɗe yake da na filawud mai gam da na katakon da aka yi wa maganin gara. Busasshen itacen mangwaro da na sassaƙa ƙanana yana ci, amma yakan mutu a hanya sai an sake kunnawa.

Mai tsiren bakin titi ba ya buƙatar wannan. Na mai duro da murfi ne a gida, wanda ba ya sauri. In za ka ba da a ƙera maka, ka ce kada faɗin hudojin ya wuce milimita 4, domin kaurin ƙwayoyin wajen milimita 6 ne, kuma a sa ƙafafun tun farko.