Injin hura wa kifi iska: ya burge ni a hanya, ya ba ni kunya da asuba

Wata huɗu ke nan da na sayi ɗan injin nan mai hura wa kifi iska a cikin ruwa, wanda ake yi wa caji kamar waya. Kun san shi, bai wuce tafin hannu ba, da siraran tiyo guda biyu, kowane da ɗan dutse a bakinsa inda kumfa ke fita. Kuɗinsa da inda ake sayar da shi ma kun sani. Mata da yawa masu sana'a irin tawa sun dame ni da tambaya ko su saya, ina ta ce musu su dakata. Yau dai zan faɗi abin da idona ya gani.

Ni farfesu da gasasshen kifi nake yi a gida, sai an yi oda. Kifin daga tafkin Yayana nake ɗaukowa, can wajen Kura. Tarwada ba ta taɓa wahalar da ni ba. A yanke saman jarka, a zuba ruwa iya abin da zai rufe bayanta, sai ta kwana biyu lafiya lau in ana sauya mata ruwa. Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari kai tsaye, shi ya sa za ki ga ta leƙo sama ta haɗiyi iska ta koma ƙasa. Karfasa ba ta da wannan gatan. Iskar da ta narke a cikin ruwa ita kaɗai ce numfashinta, da ta ƙare shi ke nan. Kuma masu son gashi karfasa suke nema. Da can sai dai in kashe su tun a bakin tafki, in jera a kula da ƙanƙara. Lokacin zafi ƙanƙarar ta yi tsada, kafin a zo gashi ta narke, naman ya saki. Wanda ya san kifi kuwa loma ɗaya zai yi ya gane.

Ranar da na fara gwada injin, cikin watan Maris, wallahi na ji daɗi. Yaya ya hana kifin abinci tun jiya, kamar yadda ya saba in za a kwashe, don kada su yi ta amai da kashi a hanya su ɓata ruwan. Muka zuba karfasa goma sha biyar a rabin durom, muka ɗora a adaidaita sahu, na jefa duwatsun nan biyu na danna. Ruwa ya ɗauki kumfa kamar tukunya ta fara tafasa. Ga rana, ga gargada, ga cunkoson shigowa gari, amma muka iso gida ko ɗaya ba ta kife ba. Na buɗe buhun da muka rufe durom ɗin da shi, suka watse ƙasa da gudu har suna fantsama mini ruwa a fuska.

Abin da ya fi burge ni ma ba hanyar ba ce. Na bar su kwana biyu a ruwan rijiya ba abinci, ina rage rabi ina ƙara sabo safe da yamma. Warin lakar nan da kifin tafki ke zuwa da shi, wanda ko lemun tsami da citta ba sa kashe shi duka, ya ragu ƙwarai. Yaya ya ce gansakukar ruwa ce ke sa wa kifi wannan warin, in ya zauna a ruwa mai tsabta sai jikinsa ya fitar da shi a hankali. Wata Hajiya da ta ci gashin ta kira ni tana tambaya ko daga dam ɗin Tiga aka kawo mini. A ranar da an ce in ba injin nan maki, da na ba shi duka.

To, sai ga watan Afrilu.

Maƙwabciyata za ta yi wa 'yarta walimar saukar Alƙur'ani ranar Asabar da hantsi, ta ba ni odar gasasshiyar karfasa talatin. Mace ce da muke zaman mutunci, ita ta yi mini wankan jego. Na ce mata, “Umma, ki kwantar da hankalinki, da ransu za su kwana a gidana, da asuba zan yanka.” Har da alfaharina na faɗa, don na yarda da injin. Ranar da na saye shi mai kantin cewa ya yi, “Hajiya, in kin cika shi da caji sai ya kwana ya wuni.” Ban manta da kalamansa ba.

Juma'a da la'asar aka kawo kifin. Na sa durom a inuwa ƙarƙashin rumfa, na jona injin a wuta har fitilarsa ta koma kore. Wajen ƙarfe tara aka ɗauke wuta, ya koma kan batir da kansa, ko tsayawa bai yi ba. Sha biyun dare na fito da tocila na leƙa, kumfa na tashi, kifi na yawo. Na koma na kwanta.

Kiran sallar farko ya tashe ni. Tun kafin in sauko daga gado gabana ya faɗi, don gidan ya yi tsit, ba na jin ɗan gurnanin nan nasa. Na fita ko takalmi babu. Ruwan ya kwanta lif, ya yi fari-fari kamar an wanke shinkafa, ga wata kumfa mai yauƙi ta taru a gefe. Wasu sun taso sama, baki a buɗe, suna haki a fatar ruwa. Wasu sun juya ciki sama. Na sa hannu, ruwan ɗumi kamar na wankan jinjiri. Na ɗago ɗaya, ta sandare, idon ya fara dushewa. Na ɗaga murfin kunnenta, wurin da ya kamata ya zama ja wur ya koɗe, ya koma kalar hanta da aka jiƙa.

Na tashi yara muka yi ta jan ruwa a rijiya. Muna kwashe masu rai muna sakawa a bahuna uku, auta tana ɗiban ruwan da kofi tana kwararo shi daga sama don ya sami iska. Sha bakwai suka farfaɗo. Biyar ba su daɗe da mutuwa ba, kunnen da sauran ja, naman in ka danna yana dawowa, na farke su nan take na cire kayan ciki, na wanke, na sa gishiri, mu muka ci a gida. Takwas kuwa ban ma tsaya shawara ba. Kifin da ban san sa'ar da ya mutu ba, a cikin ruwan ɗumi, da hanjinsa a ciki, ba zan kai shi gaban mahaddata da iyayensu ba.

Na kira Yaya muryata na rawa. Shi a kwalejin kiwon kifi ta New Bussa ya yi karatu, ba ya magana da ka. Ya ce, “Ƙanwata, ruwa in ya yi zafi ba ya riƙe iska. A ma'aunin zafi 20 lita ɗaya ta ruwa na ɗaukar kusan miligiram 9 na iska, a 30 bai fi 7 da rabi ba, kuma a zafin ne kifin ya fi buƙatarta. Ke kuma kin ninka yawansu a durom ɗin da kika sa sha biyar.” Gaskiya ya faɗa, na karɓa. Talatin sun yi wa durom ɗin yawa a daren Afrilun Kano.

Amma duk da haka, da injin ya kai asuba da ba a yi wannan asarar ba. Abin da ya fi ci mini rai, mutuwa ya yi shiru. Ba ƙara, ba wani ƙyifta fitila da zai ja hankalin mutum. Waya ma in cajinta zai ƙare tana kuka. Abin da aka ƙera don ya riƙe ran halitta ya kamata ya iya tashin mai barci. Daga baya na zauna da agogo na gwada shi: da tiyo biyu a buɗe, awa biyar da 'yan mintoci ya yi ya mutu. Ina kwana da wuni a nan? Ashe akwai wani danni da ake yi sau biyu, ya riƙa hurawa yana hutawa, batirin ya ƙara daɗewa. Ɗana ne ya gano shi a takardar da ke cikin kwalin, rubutun Sinanci da Turanci ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Mai kantin ko ambatonsa bai yi ba.

Ƙarfe bakwai na safe ina kasuwar Galadima ina neman karfasa goma sha uku da za su yi daidai da girman nawa. Ribar odar duka ta tafi a nan, har na ƙara da kuɗin aljihuna. An kai gashi a makare, baƙi sun fara tashi. Umma ba ta ce mini komai ba sai “Allah ya yi albarka, 'yata,” kuma wannan ya fi mini zafi a kan ta yi faɗa.

Ranar Litinin na koma kantin. Ban je neman kuɗina ba, so nake ya daina faɗa wa mutane abin da ba haka ba. Ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, ya ce, “Hajiya, kayan lantarki ba a mayarwa.” Na ce, “Malam, ba mayarwa na zo yi ba, ka daina cewa yana kwana.” Sai ya ce wai ƙila ban cika cajin ba. Na ɗauki jakata na fito.

Tunda na tuna ma, akwai wasu ƙananan abubuwa. Bakin cajin ba shi da marfi, kuma abu ne da ke zama kusa da ruwa, nawa har ya fara tsatsa. Duwatsun suna toshewa da yauƙin kifi, sai an goge su da tsohon burushi duk bayan amfani. Tiyon kuma in ya sha rana yana saki ya zame daga bakin injin. Da farko na so in ce ku saya kawai, yanzu da nake rubutawa raina ya sake ɓaci.

Ban jefar da shi ba dai. A hanya daga Kura zuwa gida har yau ban ga kamarsa ba, kuma karfasar da ta kwana biyu a ruwa mai tsabta daban take a baki. Masu tarwada kaɗai, ku riƙe kuɗinku, jarka ta ishe ku. Shekaranjiya wata ta kira ni za ta saya saboda bikin ƙanwarta. Na ce ta haɗa da fawa banki, kada ta wuce sha biyar a rabin durom, in ruwan famfo za ta sa ta bar shi ya kwana a buɗe saboda maganin da ake zuba masa, sannan ta saita ƙararrawar waya ƙarfe biyu na dare. Ni haka nake yi yanzu. Ko ba kifi a gidan, in na farka na ji shiru sai na tashi zaune.